Gadar Inna

Inna, mahaifiyata, ba ta da takarda. Hajji ta zo ta zauna. Da aka kai ni gidan miji a unguwar Jarwal, cikin Makka, lungu ɗaya ne tsakaninmu, amma ko ƙofar gida ba ta leƙawa don tsoron askarawa masu kamen marasa iƙama, wato takardar zama.

Baba kafinta ne, sai ya haɗa benensu da namu da gadar katako ta saman lungun. Ya cusa manyan gungume biyu cikin bango, ya tokare su ta ƙasa, ya shimfiɗa katako, ya kange gefe, ya yi mata rufi. Na ce, "Baba, 'yar wannan tafiyar har da inuwa?" Ya ce, "Ke da wauta! Katakon na yi wa. Rana ta tsaga shi, ruwa ya shiga tsagar, an gama." Ta nan Inna ke ƙetarowa kullum, da kwanonta da faɗanta.

Baba ya rasu a farkon shekarun sittin. Da hajji ya zo, muka yi abin da kowa ke yi, muka bar wa alhazai ɗakuna muka koma kan soro. Maigidana ya rasa abin yin rumfa, ya ɓamɓare rufin gadar. Na yi masifa har muryata ta dishe. "Bayan hajji zan mayar," in ji shi. Mayarwar da ba a yi ba ke nan! Allah ya jiƙansa, amma wannan kam har yau yana ci mini rai.

Rana ta yi aikinta, ruwan Makka mai zuwa da fushi ya ƙarasa. Ina da tsohon ciki gungume ɗaya ya dare, gadar ta karkace, ko kyanwa ba ta yarda ta hau.

Ranar da na haihu, Inna ta dama kunun kanwa. Aka ce ta ba yara su kawo, ta ce 'yarta ce, sai ta ga jikarta da idonta. Ta sauko lungu da hantsi, ta yi kiciɓis da askarawa. Suka haɗa ta da sauran waɗanda suka kama, Jidda aka kai su, aka zuba a jirgin ruwa sai gida. Ban sake ganinta ba.

Maƙwabciyarmu ce ta shigo mini da kwanon, tana kuka.

"Ta ce ki sha, kada ya huce."