Ranar da Na Ƙi Sa Hannu a Tumɓuke Gawon Dudunni

Tsufa ya kwashe mini ranakun aiki da yawa, amma ban taɓa mantawa da wata Talata a Dudunni ba, ranar da na mayar da biro aljihu a gaban babban jami'in da aka turo daga Ikko, babban birnin tarayya na wancan lokacin. Ku da kuka shigo aikin gona yanzu ku saurara, don irin takardar nan ba ta daina zuwa ba, suna kawai take canzawa.

Lokacin ina ƙaramin malamin gona a Kankiya, ni ke zagaya ƙauyukan ƙasar Kusada a kan keke. Shekarun saba'in ne, kuɗin man fetur ya fara kwararowa, kuma tun da ya fara sai kowace magana ta koma hannun gwamnatin tarayya. A da, in an yi wa manomi ba daidai ba, ya san ƙofar da zai nufa: mai gari, hakimi, in ta yi zafi Katsina. Ban ce babu zalunci ba, akwai shi. Amma azzalumin kana ganinsa ranar kasuwa, kuma ya san gobe zai haɗu da kai a jana'iza. Sai ga shi umarni ya koma fitowa daga bakin teku, daga mutanen da ba su taɓa riƙe hauya ba.

Shirin da suka kawo shi ne a haɗe gonakin mutane su zama fili ɗaya, tarakta ta yi huɗa, a shuka masara zalla. Kafin nan sai katafila ta shiga ta tumɓuke duk wani itace. Ƙa'idar aiki kuwa, katafila ba ta shiga sai malamin gonar yankin ya sa hannu a takardar da ke cewa masu gonakin sun amince. A Dudunni ni ne wannan malamin.

Yawancin itatuwan gawo ne. Wanda bai san gawo ba, itace mai ƙaya kawai zai gani. Alhali da damina, lokacin da kowane itace ke yin kore, shi zubar da ganye yake yi, rana ta samu shuka, ganyen ya ruɓe ya zama taki. Da rani sai ya yi kore shar ya zubo 'ya'ya, Fulani su sauko da shanu ƙarƙashinsa, su tashi su bar wa mai gona taki. Geron gindin gawo ko makaho ya shafa ya san ya bambanta. Da shi kuma ake gane iyakar gona.

Jami'in ya iso da hantsi cikin motar Landirofa, da taswira a naɗe. Ba mugun mutum ba ne, in faɗi gaskiya. Ɗan Arewa ne, mai ilimi da fara'a, sai dai a taswirarsa kowane gawo ɗigo ne da aka ja wa jan layi. Ya yi wa manoma bayani a ƙofar gidan mai gari, kowa ya yi tsit. Can sai Malam Barau, wani dattijo mai makarantar allo da ke noma da hannunsa, ya gyara zama.

"Ranka shi daɗe, iccen ga kakana ya iske shi nan. In kun kada shi, mi za ya ba gonata taki?"

"Gwamnati za ta ba ku takin zamani, Baba, kyauta."

"Har yaushe?"

"Muddin shirin yana nan."

Malam Barau ya girgiza kai ya ce, "To shi gawo bai taɓa gindaya mani sharaɗi ba."

Jami'in ya yi murmushi irin wanda ake yi wa tsoho, ya juyo ya miƙo mini takarda. Ya ce mutum ɗaya ne ya yi magana, shirun sauran amincewa ne. Ni kuwa na san shirun mutanenmu a gaban baƙon gwamnati. Sai na ce wa jama'a wanda ya yarda a cire masa itace ya ɗaga hannu. Ko yatsa bai motsa ba.

"Kai ma'aikacin wane ne?" in ji jami'in, fara'ar ta ɗauke.

Na ce, "Na gwamnati ne, ranka ya daɗe. Amma takardar nan tambaya ɗaya ta yi mini, ko sun yarda. Ba su yarda ba."

"Umarnin tarayya ne. Ka san abin da zai biyo baya?"

Na sani sarai. A shekarar ake duba ƙarin girmana, ga iyalina da tsohon ciki. Wallahi na ji tsoro. Amma haushi ya fi tsoron yawa. Na ce masa in umarni ne su zo su yi da ƙarfinsu, kada su ce a rubuta da hannuna cewa talaka ya yarda. Na mayar da biro aljihu.

Mako biyu sai ga takardar tuhuma, wato a rubuce in faɗi dalilin da ba za a hukunta ni ba. Na faɗa. Aka ɗauke ni daga zagaye aka ajiye a sito ina gadin buhuna, aka danne ƙarin girman shekara shida. Abokan aiki suka laƙaba mini Sarkin Gawo, in na shigo ofis har da kai gaisuwa. Dudunni kuwa aka tsallake ta, don masu katafila suna sauri kada damina ta riske su, ba mai lokacin sake taron manoma.

Wani abokin aikina ya sa hannu a wani gari da ba zan ambata ba. Damina biyu masara ta yi kyau, ban ɓoye ba, har na fara tunanin ko ni ne wawan. A ta uku tarakta ta lalace, aka ce kayan gyaranta sai an kawo ta jirgin ruwa. Taki ya yanke. Fili ya zama fetal, iska tana kwasar ƙasa, Fulani suka daina sauka. Da aka ce kowa ya koma gonarsa, babu itacen da zai nuna iyaka, wa da ƙane suka dinga jan juna gaban alƙali. Mutanen suka kawo kuka ofishinmu, muka rubuta Ikko. Amsar da ta dawo ita ce an rushe sashen da ya tsara shirin. Babu wanda za a kama, babu ƙofar da za a ƙwanƙwasa.

Har gobe ra'ayina bai canza ba. Gwamnatin tarayya ta tsare iyakar ƙasa, ta riƙe soja, ta shimfiɗa manyan hanyoyi, wannan aikinta ne kuma ya ishe ta. Amma itacen da zai tsaya a gonar Malam Barau ba huruminta ba ne. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Hakimi in ya yi kuskure gunduma ɗaya ce za ta sha, shi kuwa na can nesa kuskurensa ƙasa guda yake rufewa, sannan ya canza ofis ya bar ku da shi.

Abin da aikin nan ya koya mini, duk girman umarni sai ya biyo ta hannun wani ƙaramin ma'aikaci kafin ya taɓa talaka, kuma wata rana hannun ɗayanku ne. Na yi ritaya mataki biyu ƙasa da sa'o'ina, kuma duk ƙarshen wata ina jin zafin abin, ba zan yi muku ƙarya ba. Amma a duk ƙasar Kusada babu manomin da nake sauya hanya don kada mu haɗu. Abokin nawa kuwa, Allah ya jiƙansa, har ya rasu bai sake taka garin can ba.