Ranar da Inna ta ƙi sayar min da kurkum

"Zuwanki na uku ke nan a mako guda. Wai me kike yi da kurkum haka?"

Inna mai kayan ƙamshi ta Ƙofar Wambai ce ta tsare ni da wannan tambayar.

Na gaya mata fartanya ce ta sari maigidana a ƙafa a gonarsa ta Miri. Ni kuma na ga bidiyon maganin gargajiyar Indiya a waya, wai kurkum da ganyen dogonyaro da daina cin nama sun isa, ba sai an sha maganin asibiti mai kashe ƙwayoyin cuta ba. Kwana shida ina kwaɓawa ina shafa masa.

Ta ce, "Ƙafar ta kumbura? Yana zazzaɓi?"

Na ce tun jiya, har ruwa take yi.

Sai ta juye kurkum ɗin da ta riga ta auna min cikin kwanonta.

"'Yar nan, tun kafin a haife ki nake sayar da wannan, na san inda ƙarfinsa ya tsaya. Ba zan ba ki ba. Maza ki kai shi asibiti, kar ki tsaya ɗora tukunya."

Wallahi raina ya ɓaci, amma na kai shi. Likita ya ce da mun ƙara jinkiri, da wuya ƙafar ta tsira.

Yau da ƙafarsa ya taka har masallaci. Alhamdulillahi.

Inna ta haƙura da cinikinta don mijin wata. Ku taya ni yi mata addu'a. Ku fa, wa ya taɓa hana ku abu, daga baya kuka koma kuna gode masa?