Sai Mun Ji Ta Bakin Sabi'u

Wata Laraba da la'asar, a shekarar da na shiga aji biyar, hadari ya haɗo baƙi ƙirin daga gabas. Kakanmu, da muke kira Malam, ya ɗauke ni da ƙanena Sabi'u muka hau dutsen bayan gidanmu. A ƙauyenmu da ke hanyar Jahun, ba mai taɓa irin gero sai Malam ya duba sama, kuma kowa ya san yana neman wanda zai gaje shi. Ni ne babba, ni nake zuwa na ɗaya a makaranta, saboda haka na riga na ba kaina gadon.

"Me kuka gani?" in ji Malam. Na yi caraf na ce ruwa, har da rantsuwa. Sabi'u, wanda ko jadawalin biyu bai iya ba, ya shafa wuyansa ya ce, "Malam, yau ban yi gumi ba. Iska ce kawai." Sai Malam ya dafa kan Sabi'u. Wallahi har yau ina jin zafin dafawar nan a ƙirjina.

Don haushi na sauko na ɗauki ƙwaryar irin da Baba ya ware wa gayaunata, ƴar gonar da aka yanka mini, na shuke shi tas kafin magariba. Aka sha iska, aka ɗan yi yayyafi. Gero ya tsiro, rana ta ƙone shi. Bayan sati biyu ruwan gaske ya sauka, Baba ya sa Sabi'u ya sam mini iri daga nasa. Na karɓa, ban gode ba.

Yanzu ina zaune a unguwar Takur, hasashen yanayi ne aikina. Ana sakin balan-balan ɗauke da na'ura, tana auna zafi da danshi hawa-hawa har can sama. Ni kuma na rubuta wa kwamfuta lissafin da ke nuna ko iskar ƙasa tana da ƙarfin tashi ta zama hadari. Ashe gumin Sabi'u nake lissafawa.

Malam ya daɗe da rasuwa. Bana lissafi ya fito sarai, na kira Baba ina rawar jiki na ce a fito da iri. Ya sa mini albarka sosai, sannan ya ce, "To, sai mun ji ta bakin Sabi'u."

Na ajiye wayar, na shafa wuyana.