Baba Simon da Bahon Magani

Kafin masu doya su gama sauke kaya a tashar Salaga, Baba Simon Abugri ya riga ya share gaban ɗakin magani na cocinsu. Shekara talatin da ɗaya ke nan yana wannan aiki, tara a Yendi, sauran a nan. Ba likita ba ne, kuma duk wanda ya kira shi Dokta sai ya gyara masa. Aikinsa ya ƙirga ƙwaya, ya zuba a 'yar takarda, ya yi bayani da yaren da kunnenka ya fi ji. Da yawa daga masu zuwa ba su karatu, shi ya sa kowa ke da alamarsa a jikin takarda: wannan kifi, wannan fartanya, wancan zakara. Kafin ya miƙa maka sai ya sunkuyar da kai ya yi addu'a.

Alhaji Zakir mai awon hatsi ya sha tsokanarsa, wai in ƙwayar ce ke aiki mene ne na addu'a, in kuma addu'ar ce mene ne na ƙwaya. Baba yakan ce ya san abin da ƙwaya ke yi a jini, don an koya masa. Amma ya sha ba mutum biyu magani iri ɗaya, ɗaya ya tashi, ɗaya ya tafi. Inda saninsa ya ƙare, a nan yake durƙusawa. "Kai dai sha na hawan jininka, Alhaji, ka bar ni da tambayar."

Abin da ya sa nake wannan rubutu ya faru shekara uku da suka wuce. Wani mai wa'azi ya zo daga kudu, ya yi kwana uku a cocin. Ranar Lahadi ya sa aka ajiye babban baho a gaba, ya ce shan magani shakka ce, duk mai bangaskiyar gaske ya zo ya jefa nasa a ƙona. Ana kiɗa, ana waƙa, baho ya kai rabi. Cikin masu jefawa har da Lariba, mai soya doya a tasha. Farfaɗiya gare ta. Shekara shida ba ta faɗi ba tun da ta fara shan ƙwayar Baba, alhali kullum a kan tafasasshen mai take wuni.

Baba dattijon coci ne, kujerarsa a gaba take. Waɗanda ke wurin sun ce ya tashi ba gaggawa, ya rungumi bahon, ya kai shi bakin ƙofa. Mai ganga ya tsaya da sanda a sama. Mai wa'azin ya nuna shi ya ce Shaiɗan ne ya shiga tsohon.

"Fasto, ni ma na yi addu'a a kan kowace ƙwaya a cikin bahon nan," in ji Baba. "Wanda ya ba mu zuciyar da muke gaskatawa da ita, shi ya ba mu kan da muke tunani da shi. Ban taɓa jin ya ce mu bar ɗaya a waje ba."

Sai ya zauna a ƙasa, yana ɗaga takarda ɗaya ɗaya, yana duba alama, yana kiran mai ita da suna. Wasu suka karɓa a sunkuye. Lariba ta ƙi. Ta ce ita ta warke, kada Baba ya ɓata mata. A ranar dattawa suka sauke shi daga kujera, suka ce ya kunyata baƙo.

Washegari ya bar ɗakin magani a hannun nas, ya ɗauki benci, ya sa maganin Lariba a aljihu, ya tafi tasha. Mudassira mai wake da shinkafa, maƙwabciyar Lariba a wurin sana'a, ita ta ba ni sauran labarin. Baba ya zauna dab da murhun Lariba, gwiwarsa kusan tana taɓa kasko. Lariba ta ce yana kore mata masu saye. Ya ce ai shi ma mai saye ne, ta zuba masa. Bai yi mata wa'azi ba, bai fito da maganin ba. Direbobi suna ta yi masa ba'a, wai tsoho ya samu budurwa.

Rana ta uku da hantsi Lariba ta sandare da matsami a hannu, idonta ya juye, ta yi gaba. Baba ya fizgo ta baya. Kaskon ya karkace, mai ya kwarara a hannunsa na dama daga gwiwa zuwa yatsu. Mudassira ta ce ta ga fata tana tashi, amma bai saki matar ba sai da ya kwantar da ita ta gefe.

Da ta farfaɗo, abin da ta fara tambaya shi ne ko bangaskiyarta ce ta gaza.

"A'a, 'yata, taki ta fi tawa," ya ce. "Tunani ne kawai aka hana ki yi. Mu gode wa Allah, ki sha."

Ta sha, sannan ya yarda aka kai shi asibiti.

Baba Simon, kai ne ka yarda a kira ka marar bangaskiya a ɗakin da ka tsufa kana sujada. Kai ne ba ka bar cocin ba, ka koma bencin baya, kuma har yau ba wanda ya ce ka dawo gaba. Yatsunka biyu ba su lanƙwashewa, da hagu kake ƙirga ƙwaya. Ƙarshen watan nan za ka ajiye aiki ka koma Binduri, kusa da Bawku, ka noma gero.

Mun gode, Baba, mu da muke addini ɗaya da kai da mu da ba mu yi. Allah ya saka maka. Ku kuma masu karatu, ranar da kuka ga an sa wani ya zaɓa tsakanin Ubangijinsa da hankalinsa, kada ku tsaya kallo daga nesa, ku matsa kusa da shi. Lariba tana nan a tasha, lafiyarta ƙalau. Ta ce ita za ta raka shi har Binduri, don hannun nan ba zai ɗauki kaya ba.