Tagar Gabas

Shekarun farko bayan ƴancin kai maigidana ya baro soja da buri guda: sai ya gina bene hawa uku a Tahoua, irin waɗanda ya gano a Faransa. Tun ginin bai wuce hawa biyu ba kowa ya zama gwani. Masu zuwa kasuwa daga Bambeye su tsaya da jakunansu, su ce a bar jan dutsen haka, ya fi kyau. Abokansa ma'aikata su ce a'a, a shafe da siminti a buga farar ƙasa. Tsofaffi kuwa makuba suke so, da zanko a kowace kusurwa. Ni dai ko man shanu za a shafa masa, ba ruwana.

Taga ce ta dame ni. Wata ƙatuwa ya sa aka buɗe ta gabas, wai don iska. Gabas ɗin kuwa gidan ƙawata ne, katanga ɗaya ta raba mu. Ran nan ta kira ni ta kan katangar, ido jawur, ta ce mijinta ya rantse in aka bar tagar nan, garin Barmou za su koma wurin danginsa.

Na ci ɗamara na hau tsanin magina, na leƙa ta tagar. Wayyo Allah! Ga makewayinta, ga turminta, ga tabarmar da take shan iska ba kallabi, duk a fili. Kunya ta kama ni kamar ni aka leƙa.

Na sauko na iske maigidan yana nuna wa baƙi ginin. Na jira suka tafi.

"Malam, tagar nan toshe ta za a yi."

"Ke, me kika sani a gini? Fasalin gidan zai lalace!"

"Ya lalace mana. Kai daga waje kake kallonsa, ni ce mai zama da maƙwabta."

Ya yi ta faɗa da Faransanci, na ƙyale shi. Washegari na kwaɓa laka da kaina, na hau da ita, na fara jera duwatsu. Da magina suka ga da gaske nake, sai suka karɓe ni.

Har yau tabon na nan, siminti bai ɓoye shi ba. Mutanen gari na ce wa gidan makahon bene. Su yi ta faɗa! Ƙawata ba ta je ko'ina ba. Ita ta karɓi haihuwar ƴaƴana duka, kuma ranar da maigidan ya rasu, ita ta fara shigowa ta riƙe ni.