Na'urar Faifai Mai Kwalabe a Ɗakin Baba

A shekarar da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama mahaifina, ina koyarwa a wata lakwal, wato makarantar boko, a nan Matamaye, gidan aurena kuma yana bayan gidanmu. Baba ɗan kasuwa ne, rake yake saye a hannun masu garka ya yi lodi zuwa Damagaram. Mutum ne mai murya, in yana ciniki a bakin titi daga tsakar gida muke jin sa. Da aka sallamo shi daga asibiti, hannun dama da ƙafar dama sun daina aiki, maganar ma ta tafi. Sai ya buɗe baki, leɓensa ya yi ta motsi, babu abin da zai fito sai gurnani. Daga nan ya juya fuska ga bango.

Wannan juya fuskar ta fi komai ba ni tsoro. Kullum in na taso daga aiki sai na tsaya a bakin ƙofarsa ina kallon bayansa, har in ga rigar ta ɗaga ta sauka, sannan in yi sallama. Likita ya ce mana kada mu bar shi cikin shiru, a riƙa yi masa hira, a kunna masa abin da ya saba ji. Hira kam mun yi, amma hirar da ba a amsa maka ba ta nisa. Inna takan fara ba shi labarin maƙwabta, sai muryarta ta karye, ta tashi ta fita.

Baba yana da tarin faifan CD a cikin wata tsohuwar adaka, waɗanda ya tara a tafiye-tafiyensa: karatun Alƙur'ani, wa'azi, da kiɗan garaya da goge na mutanen da. Na'urar da yake kunna su ta daɗe da mutuwa. Na nemo irinsu a wayata na ajiye masa kusa da kunne. Ya saurara kaɗan, ya ɓata fuska, ya sa hannun hagu ya ture wayar ta faɗi ƙasa.

"Ƙarar ce ba ya so," in ji Inna. "Tun yana da lafiya yake cewa kayan yanzu kamar sauro suke kuka. Lokacin da aka kawo ni gidan nan yana da wata babbar rediyo ta katako, in an kunna sai an jira ta yi ɗumi kafin ta yi magana. Har ciwon nan ya kama shi bai daina yabon muryarta ba."

Maigidana yana Kano a lokacin, yana cin rani kamar yadda ya saba. Na gaya masa wannan magana a waya. Bayan ƴan kwanaki ya kira ni ya ce ya ga wani shago da ake sayar da kayan sauti na hannu, kuma akwai mai kwalabe irin na tsohuwar rediyo. "Amma ki zo ki zaɓa da kanki," ya ce. "Ke kika san kunnen Alhaji, ni ban sani ba."

Ban so tafiyar ba. Gani nake ina ƙetare iyaka za a bugo a ce in juyo. Na riƙe wayar a hannu tun daga tasha har Daura, duk sanda ta yi motsi sai in duba ko daga gida ne.

Shagon ƙarami ne, an jibga kaya har rufi. Mai shagon dattijo ne mai sanyin magana. Na ba shi faifan garayar da na zo da shi, ya fara sa shi a wata baƙar na'ura shafaffiya, irin wadda kowa ya sani. Sauti ya fito tsaf, ba laifi. Sannan ya jawo ɗayar. Tana da nauyi, sai da ya sa hannu biyu, kuma a samanta akwai wasu ƙananan kwalabe na gilashi a tsaye. Ya kunna, ya ce mu jira. A hankali cikin kwalaben ya yi ja kamar garwashi. Da garayar ta fara, sai na ji kamar makaɗin yana zaune a kan tabarma a gabana. Ina jin yatsansa a kan tsirkiya, ina jin inda yake jan numfashi kafin ya ɗauki waƙa. Na san nan take cewa wannan ce Baba zai so, kuma ban ji daɗin sanin ba, don idona yana kan jan nan da ke cikin gilashin.

"Alhaji, wannan wutar ba ta da haɗari?" na tambaye shi.

"Hajiya, ba zan ɓoye miki ba. Matso da hannunki, kada ki taɓa."

Na matso da shi. Zafin ya bugi tafin hannuna.

"Iska take so," ya ce. "Kada a rufe ta da komai in tana aiki. Kada kowa ya kwance bayanta, ko an zare ta daga bango, don tana riƙe lantarki a cikinta, yana iya kayar da babban mutum. In wutar garinku tana hawa da sauka, ki haɗa ta da abin daidaita wuta. Wa za a saya wa?"

Na gaya masa halin da Baba yake ciki. Ya ɗora hannu a kan baƙar. "In don kwanciyar hankalinki ne, ɗauki wannan. Ba ta zafi, ko yaro ya kunna."

Maigidana ma ya ce haka ya fi. Na tsaya ina kallon na'urorin biyu. Na tuna mutumin da ba ya iya tashi, ba ya iya kira, a ɗaki ɗaya da wannan abu mai zafi. Na kuma tuna bayansa da yake juya mana. Na ce a sake sa faifan a baƙar. Aka sa. Bayan na ji ɗayar, wannan ta zama kamar ana kiɗa a gidan maƙwabta. Na ce a ɗaure mini mai kwalaben.

A kan cinyata ta yi tafiyar, naɗe cikin bargon maigidana, lasifikokin da aka haɗo mana da ita kuma a bayan mota. Duk ramin da muka faɗa sai na ji kamar gilashi ya tsage.

Mai gyaran rediyo na unguwarmu ya zo ya haɗa ta a kan tebur, nesa da gado, nesa da labule, da regilatar ɗinta mai daidaita lantarki. Baba yana kwance, fuska ga bango. Na sa faifan karatu. Da muryar mai karatun ta cika ɗakin, ya daɗe bai motsa ba. Can sai ya fara ƙoƙarin juyowa, muka taimaka masa. Ya ƙura wa kwalaben ido, leɓensa yana bin ayoyin ba tare da sauti ba. Inna ta rufe fuska da mayafi. Washegari da aka sa garaya, yatsun hannunsa na hagu suka riƙa buga gefen katifa.

Na kafa doka a gidan: ba a kunna ta sai da mutum a ɗakin, ba a ɗora mata komai. Inna ta kiyaye. Amma gida gida ne, akwai girki, akwai masu sallama, kuma Baba yakan yi fushi in an kashe. Sannu a hankali aka fara barin sa da ita na ɗan lokaci. Ni kuwa ko a aji nake, ina rubutu a allo, sai in ji kamar ƙaurin wani abu, in juyo in ga babu komai.

Ana cikin zafin bazara ƙanwar Baba, wadda muke kira Gwaggo, ta zo daga Tsauni duba shi. Da hantsi ta iso, ina wurin aiki. Mace ce mai tsafta da son gyara, ba ta iya ganin kaya a buɗe. Ta zauna da yayanta, ta yi kukanta, ta share ɗakin. Da za ta fito alwalar azahar ta ga ƙudaje suna sauka a kan teburin, sai ta cire gyalenta, irin mai santsin nan na roba, ta lulluɓe na'urar da shi, faifai yana ta juyawa. Inna tana madafa a can ƙarshen gida, ba ta gani ba.

Ina shiga zaure na ji ana buga wani abu, ƙwal, ƙwal, ƙwal, ba tsayawa. Sai ƙaurin ya biyo baya, kuma wannan karon na gaske ne. Na yar da jakata. Hayaƙi baƙi yana fitowa ta saman labulen ɗakin Baba, kuma a cikin hayaƙin mai karatu yana ta karatunsa a natse, kamar babu abin da ke faruwa. Har yau in na tuna wannan muryar a cikin wannan hayaƙin sai tsigar jikina ta tashi.

Na faɗa ciki ina kiran Inna. Gyalen ya narke a kan kwalaben, yana ɗiga da wuta a kan ledar ƙasa, ledar ma ta fara ci. Gadon babu kowa. Na ƙwalla ƙara. Sai na ji bugun a ƙasa, kusa da ƙafata. Baba ne. Ya mirgino daga gado, ya ja jiki da hannu ɗaya har tsakiyar ɗakin, yana riƙe da kofin silba yana buga shi a ƙafar gado. Goshinsa ya fashe, jini ya rufe masa ido ɗaya.

Na ga Inna ta shigo da bokitin ruwa. "Kada ki zuba!" na ce. "Inna, lantarki ne, kada ki zuba!" Na fizge wayar lantarkin daga bango, karatun ya yanke. Na kama Baba ta ƙarƙashin hammata na fara ja. Ban san yana da nauyi haka ba, duk ramar da ya yi. Ƙafarsa marar lafiya ta maƙale a bakin ƙofa, Gwaggo ta zo ta ɗaga ta, tana salati da ƙarfi. Maƙwabta suka shigo, wani ya kwaso yashi a kwano ya watsa a kan ledar, wani ya ja teburin waje.

Muka kwantar da shi a inuwar darbejiya. Yana tari, ƙirjinsa yana wani irin kuka. Na riƙa goge masa jinin da gefen zanena. Aka kira ma'aikacin asibiti da ke kusa da mu, ya ɗinke goshin, ya saurari ƙirjin, ya ce hayaƙin bai yi nisa ba, amma a sa ido. Gwaggo ta zauna a gefe ta haɗa kai da gwiwa. "Ni na kashe shi," take ta faɗi. "Na zo duba shi na kashe shi." Inna ta ce mata ta yi shiru, ga shi nan yana kallon ta.

Da la'asar hankali ya ɗan kwanta, na ga na'urar a tsakar gida, baƙin roba ya manne mata, kwalba ɗaya ta tsage. Na ce wa Inna gobe za a fitar da ita daga gidan nan, ko kyauta ce a bayar. Baba yana jina. Ya miƙo hannun hagu ya kama wuyan hannuna, ya matse da ƙarfin da ban zata ba. Bakinsa ya yi ta kokawa. Na sunkuya.

"Ba... ri," ya ce.

Kalmar farko ke nan da na ji daga bakinsa tun da ya kwanta. Na so in yi murna, amma abin da na ji shi ne tsoro, don na san ba zan iya hana shi ba.

Mai gyara ya kankare robar, maigidana ya samo kwalba a wurin dattijon nan ya taho da ita da ya dawo noma. Na sa maƙeri ya yi mata keji na waya mai faɗi, yadda ko an jefa zane ba zai taɓa gilashin ba. Aka cire ledar ɗakin gaba ɗaya, aka bar siminti.

Gwaggo ba ta koma Tsauni ba sai bayan girbi. Ta aika aka gaya wa ƴaƴanta su yi noman ba ita. Kullum tana ɗakin yayanta a kan tabarma, tana fuskantar teburin, hannayenta a cinya. Ba ta taɓa yarda ta taɓa na'urar ba, ko kunnawa ko kashewa, sai ta leƙo ta kira Inna ko ni. In fitsari ya matse ta, haƙuri take yi har wani ya shigo ya karɓe ta. A wannan daminar Baba ya ƙara samun wasu kalmomi, yawancinsu a gabanta ya fara faɗin su, ita take fitowa da gudu ta gaya mana.