Gadon da Ya Fi Ƙarfin Ƙofa

Shekarar da aka samu mulkin kai maigidana ya tashi gina mini soro a Tambuwal. Ina da tsohon ciki, bukkata kuma tana yoyo, don haka burina ɗaya ne: a yi rufi kafin ruwan fari. Maginin taubashinsa ne daga Kebbe, shi ya sa rabin aikin ya tafi a tsiya.

Gini ya kusa kai rufi sai maigidan ya je Sakkwato, ya dawo bisa lori da gadon ƙarfe mai rumfa, a haɗe. Wai nawa ne. Na ji daɗi har cikin raina, amma ko kallo ɗaya ya isa a gane ba zai shiga ƙofar ba. Aka ce a kwance shi, ya ce atafau, kada a rasa mai mayarwa.

"A buɗa ƙofa," in ji shi.

Magini ya aje tubali. "Buɗin ƙofa na son doguwar azara. Azara sai Kebbe, Kebbe sai raƙumi, raƙumi ko gero shika ci. Kai da baki kaka canza gini, ni da rumbunka nika yi."

Maigidan ya shiga lissafi da yatsu, abin da bai taɓa yi ba kafin ya sayi kaya. Ni kuwa sama nake kallo, don gabas ta fara baƙi. Na aika daga cikin gida cewa ko a tabarma zan haihu, a rufa mini ɗaki kawai.

Ƙarshe suka rushe bangon yamma, suka shigar da gadon, suka sake tayar da bangon, gadon na ciki. Ƙasar da aka sake kwaɓawa da ƙarin kwanakin ma'aikata suka cinye kuɗin keken da maigidan yake tanadin saye. Shekaru ya yi yana zuwa kasuwar Jabo a ƙafa, taubashin yana tambayarsa ko gadon ba shi da taya.

Ana kafa indararo ruwa ya sauko. A gadon na haihu, a kansa kuma maigidan ya yi jinyar ajali. Shi an fitar da shi ta 'yar ƙofar nan ba wahala. Yanzu yara suna so su rushe soron su yi na siminti, na ce su bari sai an fitar da ni.